Sanarwa: zaman karatu na ranar Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Zaman wannan watan yana nan ranar Asabar bayan La'asar, a zauren da muka saba a Jahun. Masu zuwa daga Yalwa ku fito da wuri, don Allah.

Littafin da za mu tattauna shi ne Sayyidatul Ƙamar na Jokha Alharthi, ƴar ƙasar Oman. Marilyn Booth ce ta fassara shi zuwa Turanci, ya ci kyautar Booker ta duniya a 2019, karo na farko da littafin Larabci ya ci ta. Abin da ya burge ni, kuɗin kyautar, fam 50,000, raba daidai aka yi tsakanin marubuciya da mai fassara.

Akwai zancen bayi a ciki, shi ya sa nake so mu ajiye shi kusa da Shaihu Umar na Tafawa Ɓalewa, wanda shi ma yake da zancen bayi, kuma Bature Mervyn Hiskett ya mayar da shi Turanci a 1967. Malamanmu masu Larabci, ku taimaka mana da inda fassarar Booth ta rage gishiri.

Kwafina ɗaya ne, shayi ma ya ɓata masa bango. Wanda ya ari na watan jiya ya taho da shi.