Barka da Sallah daga Memfis, Amurka

Assalamu alaikum Hajiya, Baba da duk mutan gida, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana. Mun sauko idi lafiya amma wallahi nan ba ka ma sanin ana Sallah, kowa ya kama hanyar aikinsa, babu hawa babu yara masu yawon barka da Sallah. Ragon layya ma can wata gona bayan gari ake yankawa, a miƙo maka nama a yayyanke cikin leda.

Ni dai kayan ciki ne suka tsaya min a rai Hajiya. Kun riga mu da awa 6, na san tuni an ɗora babban kaskon nan a tsakar gida, hanta da tumbi da hanji suna soyuwa cikin kitsensu, kina tsamewa kina barbaɗa yaji, yara na zagaye ki ana korarsu suna dawowa. Kuma garin nan da gashin nama ya yi suna fa, ko'ina ƙamshi na tashi, sai dai yawanci na alade ne, dole ka kau da kai.

Da abokin aikina ɗan garin ya ga na yi jugum sai ya ɗauke ni zuwa Lorraine Motel, masaukin da aka harbe Martin Luther King, jagoran fafutukar haƙƙin baƙaƙen fatar Amurka, ranar 4 ga Afrilun 1968. Baba na tuna ka sosai, kai da ba ka rabo da rediyo. Ashe masu kwashe shara ne suka kawo shi garin. A Fabrairun shekarar ma'aikata biyu baƙaƙen fata suka fake a cikin bodin motar shara saboda ruwan sama, injin ya matse su har lahira, shi ne kusan mutum 1,300 suka shiga yajin aiki, ya zo mara musu baya aka kashe shi yana tsaye a baranda gaban ɗaki mai lamba 306. Tun 1991 wurin ya zama gidan tarihi, na tsaya ina kallon barandar jikina duk ya yi sanyi. Abokin nawa ya ce ai garin ya sha wuya tun da can, a 1878 cutar shawara ta kashe sama da mutum 5,000, masu hali suka gudu suka bar talakawa. Mun biya bakin kogin Misisipi ma, inda a da ake lodin auduga.

A gaida Kawu da iyalinsa, Yaya babba da amaryarsa, maƙwabta kaf. Goggo kuwa gaisuwarta daban ce, a ce mata ina nan ina tuna dambun namanta, ya ƙafar tata, don Allah ta rage zirga-zirga ta bar wa yara aikin. Auta ki kira ni bidiyo anjima in ga ɗinkin Sallah da lallen, goron Sallarki na hannun Yaya. Malam na masallaci a ce ya sa ni a addu'a.

Hajiya a ajiye min soye cikin kitse, akwai mai tahowa wata mai zuwa.

Ɗanku