A Daina Ɗora wa Had-dis Laifin Talabijin

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini. Sana'ata tura fina-finai da karatuttukan malamai, kuma na gaji da rabon faɗa tsakanin masu sayar da had-dis, wato na'urar adana fina-finai da hotuna, da masu saye. Mutum zai jona shi a talabijin, ya ga babu komai, ya dawo kasuwa yana rantsuwa an sayar masa da jabu. Sau tari kuwa had-dis ɗin lafiyarsa ƙalau, talabijin ɗin ce ba ta iya karanta shi.

Tsofaffin talabijin da ƙananan dikoda da yawa tsarin ajiye fayil da ake kira FAT32 kaɗai suka sani, shi kuma ba ya ɗaukar fayil ɗin da ya wuce giga 4. Sababbin had-dis kuwa da wani tsarin daban, NTFS ko exFAT, suke zuwa, wanda irin waɗannan na'urorin ba su sani ba. Wanda ya haura tera 2, wato kusan giga 2,000, yawanci tsarin rabon fili da ake kira GPT ne da shi, tsohuwar na'ura ko ganinsa ba za ta yi ba. Alhaji ya sayi mai tera 4 don ya huta, ya ƙare da kallo a kwamfutar ɗansa.

Sai maganar wuta. Ƙaramin had-dis daga kafar USB yake shan wutarsa. Kafar USB 2.0 miliyamfiya 500 take bayarwa, ta 3.0 kuma 900. Idan wutar ta gaza, kara kunnenka a jikinsa, za ka ji yana ƙis, ƙis, faifan da ke cikinsa na son juyawa ya kasa. A leƙa bayan talabijin. Wasu suna da kafa mai rubutun HDD, ita ce tasa. In babu, a nemi igiyar USB mai baki biyu da ke jan wuta daga kafa biyu, ko had-dis mai cajarsa daban. Idan kuma fim ya buɗe hoto ba murya, ko ya ƙi buɗewa sam, matsalar fayil ɗin ce, galibi sautin DTS ko hoton H.265 da na'urar ba ta ɗauka.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Wasu talabijin idan sun kasa karanta had-dis sai su fito da tambaya da Turanci, ko a yi masa fomatin, wato a goge duk abin da ke cikinsa. Mutanenmu sai su danna OK, a zatonsu gyara ne. Wata Hajiya ta zo shagona da nata, ta naɗe shi a gefen mayafi, bidiyon bikin 'yarta da hotunan aikin hajjinta duk a ciki. Jikanta ne ya danna. Mun ceto wasu hotunan, bidiyon kam ya tafi, domin an riga an tura wasu abubuwa a kai. Don Allah duk wanda ya ga wannan tambayar ya ƙi, ya cire had-dis ɗin. In kuma an riga an danna, kada a ƙara tura ko waƙa ɗaya kafin a kai wa mai gyara.

Ku kuma 'yan uwana masu sayarwa, tambaya ba ta rage riba. Ku ce mai saye ya ɗauko hoton lambar da ke manne a bayan talabijinsa, a duba abin da take ɗauka, sannan a karɓi kuɗinsa.

Naka,
Mai shagon tura fina-finai,
Sabon Gari, Zariya.