Sanarwa kan darasin kula da kai da zama ɗan ƙasa nagari

Assalamu alaikum, ƴan uwa malamai. An ɗora mini jagorancin wannan darasi, kuma abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: don ba a jarrabawa a kansa, sai a riƙa ƙwace lokacinsa a bai wa lissafi. Don Allah mu daina.

Za a ajiye akwati a kowane aji, ɗalibai su jefa tambayoyinsu ba sai sun rubuta suna ba. Sashe na 12 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya bai wa yaro haƙƙin a saurari ra'ayinsa.

Idan ɗalibi ya ce ana cutar da shi, kada ku yi masa alkawarin rufe maganar. Ku sanar da ni a ranar.