Wasiƙa zuwa ga aminiyata kan lalurar ɗanta

Assalamu alaikum 'yar uwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Saƙonki ya iso, sau biyu na karanta shi. Kin ce likita ya tabbatar ɗanki yana da ADHD, lalurar nan ta rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, har kika kwana kina zargin kanki da sakacin tarbiyya. Haba dai! Cire wannan a ranki. Lalurar ƙwaƙwalwa ce, galibi gadonta ake yi, kuma kusan yara 5 cikin 100 a duniya suna da ita. Tun 1902 wani likitan yara a Ingila, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yaran.

Kin san nawa ma haka yake. Ranar da hankalina ya tashi, samunsa na yi kife a kan littafi yana hawaye, yana cewa, "Mama, ni dama ba ni da kirki." Daga safe har dare "zauna", "bari", "ina ka yar da fensirin?" kawai yake ji. Yaron da kullum faɗa yake sha, ƙarshe sai ya yarda da abin da ake faɗa a kansa.

Sai na sauya salo. In zan aike shi, na durƙusa mu haɗa ido, aike ɗaya tak. Aikin makaranta minti goma, ya tashi ya zagaya, ya dawo. Da ya yi abin kirki, a take nake yaba masa. Sannan muka gano gwanin gyaran keke ne, awa guda zai yi a kai bai ɗago ba. Ki lalubo irin wannan a wajen naki. Emmy Werner, wata masaniyar halayyar yara wadda ta bibiyi yaran da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai da ke Hawaii a Amurka, ta ga cewa masu wahalar tasowa da suka yi kyakkyawar rayuwa galibi suna da wani babba da ya tsaya musu.

In likita ya ba da magani, kada ki tsorata, ki dai lura da barcinsa da cin abincinsa, ki riƙa sanar da likitan. Ki shafa min kansa, ki rubuto min abin da ya fi ƙauna.

Taki har kullum,
Aminiyarki