Wasiƙa daga Argungu: littafin ya fito

Argungu, Jihar Kebbi
17 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga aminina Nasiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maman Halifa da yara. Yaya Fatakwal, yaya fama da ruwan sama? Mu nan hunturu ya fara leƙowa, an shiga yankan shinkafa a fadama. Baba yana nan da sauƙi, alhamdu lillahi. Jiya da na ambaci sunanka sai ya ɗaga gira, ya nuna bakin zaure da hannun hagu, wato yaushe za ka shigo.

Na san wata da watanni ba ka ji daga gare ni ba sai gaisuwar Juma'a a WhatsApp. Ka yi haƙuri, maganar ce ta fi ƙarfin waya. Littafin nan da ka daɗe kana ƙarfafa mini gwiwa a kansa ya fito. Ranar Talatar makon jiya direba ya sauke mini kwali biyu daga Kano, kwafi 300, shafi 112. Na sa masa suna Hannun Daman Baba.

Ka san farkon abin, amma kana nesa aka yi sauran. Tun ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar mutanen Kebbi, har da tasa, Baba bai sake zama daidai ba. Dama yana da hawan jini, kuma irin mutanenmu ne: in ya ji sauƙi sai ya ajiye magani. A watan Janairun 2021, da asuba, ya faɗi yana alwala, shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Daga nan aka tura mu Birnin Kebbi, daga can Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. Likitan ya zana mini a takarda: ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke riƙe da ɓarin jiki na dama, kuma a wurin yawancin mutane shi ke riƙe da magana. Shi ya sa hannu da ƙafa da harshe suka tafi tare. Mutumin da kai da ni muka sha kallo yana faɗawa ruwa a kogin Matan Fada da homa da gora lokacin bikin kamun kifi, sai ga shi ba ya iya kai cokali baki. Abin da har yau yake sa ni ƙwalla shi ne, ba ya iya kiran sunana, amma in na fara Fatiha sai ya ɗauka ya kai ta ƙarshe.

Ma'aikaciyar jinya ta ja mini kunne ranar sallama: a juya shi duk bayan awa biyu, dare da rana, in ba haka ba gyambon kwanciya zai kama shi a ƙugu da diddige. To, wanda zai tashi ƙarfe sha biyu, ya tashi ƙarfe biyu, ya tashi ƙarfe huɗu, barci ba ya zama a idonsa. A wannan tsakanin na fara rubutu, a littattafan rubutu na 'yan makaranta, da fitilar caji a gefen tabarma. Da farko lissafi ne kawai: awon jini, lokacin magani, ko ya ci, ko ya ƙware da kunu. Sannu a hankali sai na ga ina rubuta abin da ban iya faɗa wa kowa, har matata Hajara. Gajiya. Haushin 'yan dubiya da za su zauna minti goma su ce "Allah ya ba da lada" su tafi, a bar ka da wankin zanen gado. Tsoron ya rasu, da wani tunani da ya fi wannan muni, wanda ke zuwa wa mai jinya da tsakar dare, ya tashi yana istigfari.

Nasiru, kuɗin bugu bai ba ni wahalar da neman izini ya ba ni ba. Da Gwaggo ta ji labari sai ta sa aka kira ni. Ta ce, "Aminu, ɗan'uwan nawa za ka kwance wa zane a kasuwa? Mutum yana kwance ba bakin magana, kai kuma ka tona masa asiri duniya ta karanta?" Yaya Umaru ma ya goyi bayanta. Na fito raina a ɓace, amma kafin in iso gida na san tana da gaskiya a wuri ɗaya: ban tambayi mai jikin ba.

Don haka na karanta masa littafin gaba ɗaya, babi babi, bayan sallar isha'i, kusan mako uku. Muka yi alkawari: in ya yarda zai matse hannuna sau ɗaya, in bai yarda ba zai ture shi. Da na zo babin wanka da tsarki, tun ban kai tsakiya ba ya ture hannuna, ya juya fuska bango. Na cire shi duka, shafi tara, duk da ina ganin shi ne zai fi amfanar mai jinya sabon shiga. Abin da na bari kawai shi ne yadda ake yi wa marar lafiya taimama da yadda ake tanadin ruwan ɗumi da sanyin asuba. Sai kuma babin da na fi jin tsoro, na daren da na yi masa tsawa saboda ya zubar da kunu karo na uku, na fita tsakar gida na zauna ina kuka kamar yaro. Na karanta muryata na rawa. Na gama, ya yi shiru. Can sai ya kama hannuna ya matse, ya ƙi saki, har fitilar ta fara dishi-dishi. Ban san ko izini ne ko yafiya ba. Na ɗauka duka biyun ne.

Washegari na je na gaya wa Gwaggo yadda muka yi. Ba ta ce ta yarda ba. Ta dai ce kada in sa hotonsa a bangon littafin, ban kuwa sa ba. Homarsa ce a jiki, rataye a ƙusa kamar yadda take tun bikin kamun kifi na 2020.

Maganar bugu kuwa, lokaci ne bai yi mini daɗi ba. Na gama gyara a tsakiyar 2023, daidai da cire tallafin mai da faɗuwar naira. Kuɗin shatar mota zuwa gashin ƙashi a asibiti a Birnin Kebbi ya tashi, har muka rage zuwa, na koma ina yi masa motsa gaɓoɓin a gida yadda aka koya mini. Takarda kuma daga waje ake shigo da yawancinta, sai ya zama farashin da mai ɗab'i ya faɗa mini wannan wata ba shi ne na wata mai zuwa ba. Na yi niyyar 500, na dawo 300. Hajara ta ba ni kwasarta ta adashi ba tare da na roƙa ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, a wurin Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, wani abokin aikina ya taimaka mini da cike takardun.

Da gwajin farko ya zo, sai na tarar duk haruffa masu lanƙwasa sun zube. Ɗaki ya koma daki, ƙafa ta koma kafa, "shanyewar ɓarin jiki" ta koma "barin jiki" tun daga shafin farko har na ƙarshe. Mai aikin ya ce ai kowa zai gane. Na ce masa Hausa na koyar shekara goma sha huɗu, ba zan sa sunana a kan haka ba. Dare shida na yi ina bi da jan biro, tsakanin juyi da juyi.

Ban yi taron ƙaddamarwa irin na manya ba. Ba ni da halin kama ɗakin taro, kuma ba na son a tsaya ana shelar kuɗi a kan ciwon Baba. Malaman makarantarmu suka taru a ɗakin malamai, aka yi addu'a, aka sayi kwafi 23. Na kai goma wurin masu jiran gashi na raba. Shekaranjiya wani bawan Allah daga Jega ya kira lambar da ke bayan littafin. Mahaifiyarsa ce kwance shekara biyu. Bai yi zancen rubutu ba sam. Ya ce, "Malam, ashe kai ma ka taɓa yin tsawa?" Muka yi kusan awa muna magana, har katinsa ya ƙare na kira shi.

Abu ɗaya ke damuna. Sunana kaɗai ke bango, alhali rabin jinyar nan Hajara ce: kunu, wanki, zama da shi duk lokacin da nake aji. Na sa ta a shafin sadaukarwa, amma da na sake karantawa a buge sai na ga ba ta fito a cikin labarin yadda ta cancanta ba. In Allah ya nufa aka sake bugu, zan zauna da ita ta ba ni nata babin da bakinta.

Na ware maka kwafi biyu. Ƙanen Hajara zai sauko Fatakwal da lodin albasa daga Aliero ƙarshen wata, zan ba shi lambarka. Ɗaya naka ne, ɗayan ka ba maƙwabcin nan naka da ka ce matarsa na kwance. In ka karanta ka faɗa mini gaskiya, musamman babi na shida. Ka gaida Maman Halifa, ka shafa mini kan yara. Sha biyu ta kusa, bari in je in juya Baba.

Naka har kullum,
Aminu