A fito da binciken tsaron intanet daga kanta, a kai shi kasuwa

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare a nan birnin Kano, kuma digirina na biyu a kan tsaron bayanai na yi shi. Don haka ina cikin mutanen da zan yi wa ƙorafi.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce, wani ya kira gwaggona da hantsi. Ita ce uwar adashin matan layinsu. Hausa tas a bakinsa, ya gaishe ta cikin ladabi, ya faɗi cikakken sunanta, ya faɗi ranar haihuwar da ke jikin BVN ɗinta. Ya ce daga banki ne, an samu matsala a asusunta, in ba a gyara yau ba za a rufe. "Hajiya, saƙo zai shigo yanzu, ki karanto mini lambobi shidan nan kawai." Ta karanto. Kafin ta ajiye wayar, zubin mata goma sha biyu ya tafi.

Da daddare na je gidan. Ta miƙo mini wayar, 'yar ƙarama mai madannai, an ɗaure murfin bayanta da roba. Na buɗe saƙon. A ƙarshensa an rubuta da Turanci cewa kada a ba kowa wannan lamba. Gwaggo ta sauke Alƙur'ani, tana rubuta ajami, lissafin adashin nan kuma ko sisi ba ya ɓace mata, amma ba ta jin Turanci. Lambobin kaɗai ta gane a cikin saƙon. Washegari a banki, abin da aka fara ce mata shi ne, "Ai Hajiya ke kika ba su." Muka cike takarda, har yau shiru.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne tunanin kundin bincikena. Shafi sama da ɗari, baƙin bango, rubutun ruwan gwal, amma babu layi ɗaya a ciki da zai tsare wa gwaggo kuɗinta. Na gwada wata dabarar gano masu kutse ne, kuma bayanan da na yi gwajin da su an tattara su a Amurka tun 1998, a kan wata hanyar sadarwa da aka kwaikwayi ta sojojin saman ƙasar. Da yawan abokan karatuna ma su suka yi amfani da su, don su ne ake samu kyauta a intanet. Na samu sakamako mai kyau, aka yaba, aka ɗora kundin a kanta. Ban raina wannan ilimin ba, yana da muhallinsa. Sai dai ɓarawon da ya shigo gidanmu bai fasa katangar kowace na'ura ba. Sallama ya yi, aka buɗe masa ƙofa.

Masana wannan fanni sun daɗe da gane hakan. A 1999, wasu mata biyu masu bincike a Landan, Anne Adams da Angela Sasse, suka je suka tambayi ma'aikata yadda suke yi da kalmomin sirrinsu. Suka gano cewa mutane na rubuta su a takarda ne saboda an ɗora musu da yawa, ga shi ana tilasta musu sauyawa a kai a kai. Laifin na tsarin ne, ba na ma'aikatan ba. An ɗauki shekaru, amma a 2017 hukumar tsara ƙa'idoji ta Amurka, NIST, ta janye shawarar tilasta wa mutane sauya kalmar sirri lokaci-lokaci ba tare da dalili ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne aikin marigayi Farfesa Ross Anderson na Jami'ar Kambirij. Tun farkon shekarun 1990 ya kwatanta satar kuɗi ta na'urar ATM a ƙasashe. A Amurka, in mai asusu ya ce ba shi ya cire kuɗi ba, banki ne zai kawo hujja ko ya biya. A Birtaniya kuwa mai asusun ne zai wahala ya tabbatar da gaskiyarsa. Sai ga shi bankunan Amurka sun fi kula, satar ta fi ƙaranci a wurinsu, alhali ba su kai na Birtaniya kashe kuɗi kan tsaro ba. Dalilin a fili yake: wanda asara za ta faɗa wa shi ke tsare ƙofa. Duk lokacin da na tuna da wannan, sai maganar nan ta "ke kika ba su" ta dawo mini. Muddin asarar a kan gwaggo take ƙarewa, me zai sa wani ya damu ya mayar da saƙon nan Hausa?

Irin wannan binciken nake so in ga ana yi a Kano, don abin bincike ya yi mana yawa. Tun da aka yi ƙarancin takardun naira a farkon 2023, an tura kowa tiransifa, ya shirya ko bai shirya ba. Ka tsaya minti goma a rumfar mai POS a bakin Kasuwar Rimi. Za ka ga dattijo ya miƙa kati ya faɗi lambar sirrinsa da baki, don idonsa ba ya ganin madannan, ga mutum huɗu a bayansa suna jira. A gidaje da yawa waya ɗaya ce tsakanin uwa da 'ya'ya, layin kuma da NIN ɗin maigida aka yi masa rajista. A Farm Centre mutum zai bar wa mai gyara waya da duk abin da ke cikinta, a buɗe, ya ce zai dawo bayan la'asar. A Kantin Kwari da Singa 'yan kasuwa sun san alat na bogi, wasu sai bayan an loda kaya an tafi suke ganewa. Masu ƙwacen waya kuma sau da yawa layin suke hari, don da shi za a shiga asusun banki ba tare da intanet ba. Kulle layi da lambar sirri bai kai aikin minti biyu ba, amma mutum nawa aka taɓa koya wa?

Duk shawarar tsaron da ake bayarwa an gina ta ne a kan mutumin da ke da wayarsa shi kaɗai, yana karanta Turanci, ba ya neman taimakon kowa. Mu kuwa rayuwarmu a kan amana take tafiya: ɗan aike, yaron shago, maƙwabci, uwar adashi. Ka ce wa tsohuwa kada ta ba kowa lambarta, alhali jikanta ne ke ciro mata kuɗi, ka ba ta umarnin da ba za ta iya bi ba. Aikin mai bincike ne ya zauna da ita ya gano tsarin da zai tsare ta tare da jikan nata a ciki.

Dokoki kam ba mu rasa ba. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015 da aka yi wa gyara a 2024. Akwai manufar tsaron intanet ta ƙasa ta 2014 da aka sabunta a 2021 ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Akwai dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, har da hukumarta. Amma yawancin mutanen da nake hulɗa da su sun fara jin kalmar tsaron intanet ne a watan Mayun 2024, lokacin da Babban Banki ya umarci bankuna su riƙa cire kashi 0.5 cikin 100 na tiransifa, wato naira 500 a kowace 100,000. Jama'a suka yi ca, aka janye kafin watan ya ƙare. Abin takaici ne a ce ta ƙofar haraji talaka ya fara sanin akwai wannan manufa. Tambayar da ta dame shi daban ce: a ina mai kiran nan ya samo ranar haihuwar gwaggo? Wa ya sayar, ko wa ya yi sakaci? Wannan ita ce tambayar da dokar 2023 ya kamata ta amsa.

Ba na ɗora wa ɗalibi laifi shi kaɗai. Babu inda zai samu bayanan damfarar da ake yi a garinsa, sai ya koma ga na Amurka. Babban Banki da hukumar sadarwa ta NCC suna da ikon sa bankuna da kamfanonin waya su ba jami'o'i irin waɗannan bayanai bayan an goge sunaye da lambobi. Ya kamata TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ta ware wani kaso na kuɗin bincike ga wanda zai shiga kasuwa da unguwa, ya yi tambaya da harshen mutane. Jami'ar Bayero da ta Aliko Dangote da ke Wudil suna da malaman kwamfuta, ga masana Hausa, ga masana zamantakewa da na shari'a. A haɗa su a kan aiki ɗaya. Ƙungiyoyi irin su CITAD, mai aiki kan fasahar sadarwa da ci gaban al'umma, sun daɗe suna wayar da kai a garin nan, sun san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa.

Kano garin rediyo ne. Da ni ne mai yanke hukunci, duk wanda ya kammala bincike kan tsaron bayanai sai ya zauna a gidan rediyo ya bayyana abin da ya gano da Hausa, a buɗe layi masu saurare su yi masa tambaya. Kai ma, ranka ya daɗe, ina roƙon ka buɗe fili ko sau ɗaya a wata, malaman jami'a su riƙa amsa tambayoyin masu karatu kan wannan batu. Ni a shirye nake in ba da tawa gudummawar, kuma na riga na fara da 'yan ajina: kowa ya koma gida ya kulle wa iyayensa layi, ya fassara musu saƙon banki.

Gwaggo ta sayar da 'yan kunnenta na gwal ta biya matan, ba wadda ta rasa ko kwabo. Yanzu zubin ya koma cikin gwangwani a ƙarƙashin gado, ta ce ita da banki sai dai a gaisa. In baƙuwar lamba ta kira ta, ba ta ɗauka, sai ta aiko jikanta da wayar in duba mata.

Na gode.

Naka,
Wani malamin kwamfuta,
Gwammaja, Kano.