Ba kowace sarƙewar murya ce sammu ba

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah ina roƙon shafinku na lafiya ya nemo likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya yi wa jama'a bayani a kan wata cuta da ake kira sifasmodik disfoniya, don akwai masu fama da ita a cikinmu amma ko sunanta ba su taɓa ji ba, da an ji murya ta sarƙe sai kawai a ce ai ɗaure ta aka yi, ko kuma mutanen ɓoye ne.

Ciwon nan daga ƙwaƙwalwa yake tasowa. Ɓangaren da ke kula da motsin tsoka ne yake aiko saƙo ba daidai ba, sai tsokar maƙogwaro ta dinga damƙewa da kanta daidai lokacin da mutum ke magana. A mafi yawan masu ita sai ka ji muryar na fita da kyar kamar an shaƙe su, tana yankewa a tsakiyar kalma, wasu kuma iska ce kawai ke fita, sautin ya ɓace. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50. Wani lokacin ana samunta a dangi, wasu kuma bayan mura mai tsanani ko tashin hankali suka fara ji, amma damuwa ƙara ta take yi kawai, ba ita ce tushenta ba.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake ƙaryata masu ita. Yayata malamar firamare ce, in ta ɗaga waya sallama ma sai ta tsinke mata biyu, ka ga jijiyar wuyanta ta tashi tana ta kokawa da kalma ɗaya, amma wallahi a gidan biki in ta yi dariya ko ta rera waƙa muryar tas take fita, to sai mata su ce ai ga shi nan da gangan take yi. Alhali wannan ɗin ma yana cikin alamomin da likitoci ke dubawa. Ta sha zuma da citta da kanumfari har ta gaji, an yi ruƙiyya, addu'a kam ba ma raina ta, amma ba ta hana a je asibiti ba.

Gwajin jini ba ya nuna ta. Likita siririyar kyamara yake zurawa ta hanci ya kalli maƙogwaron kana magana, sannan ƙwararren gyaran magana ya saurari muryar, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi shi ma ya duba. Wannan dubawar na da muhimmanci don dishewar murya da ta ɗauki makonni tana iya zama wani abu daban, har da kansar maƙogwaro.

Maganin da zai raba mutum da ita gaba ɗaya babu, sai dai allurar Botox da ake yi a tsokar maƙogwaron tana sassauta ta sosai, tun 1984 aka fara yinta a Niyok. Takan yi aiki kamar wata 3 zuwa 4 sai a sake, kuma kwanakin farko muryar kan yi laushi, ruwa ma yakan ɗan sarƙe mutum. Akwai atisayen murya, akwai tiyata ga wasu. Robert F. Kennedy Jr. da ya zama sakataren lafiya na Amurka a 2025 da ita yake magana a gaban duniya, mu kuwa malama sai ta bar aji don kunya.

Don Allah ku tambayar mana Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin koyarwa, a ina ake yin allurar nan a Arewa kuma nawa ne kuɗinta, ku buga mana.

Taku mai karanta jaridarku,
daga Zariya